Kular Abincin Ɗan Makaranta: Abin da Ke Faruwa Tsakanin Asuba da Tara

A yawancin biranen ƙasar Hausa, tun kafin gari ya gama wayewa uwar gida ta riga ta ɗora tukunya. Wajen ƙarfe shida da rabi ta sauke dafa-duka, ko taliya, ko shinkafa da wake, ta zuba wa kowane yaro nasa a 'yar kula, ta murɗa murfi, ta saka masa a jaka tare da gorar ruwa. Yaron ba zai buɗe wannan kula ba sai an kaɗa ƙararrawar tara, wajen ƙarfe goma ko goma da rabi. A makarantun da ake zarcewa har la'asar kuwa, wani abincin sai bayan azahar za a taɓa shi. Ke nan abinci kan yi sa'o'i huɗu, ko shida, ko ma fiye, yana rufe cikin jaka a ajin da aka rufa da kwano. Uwa ta sallami ɗanta hankalinta kwance, domin da hannunta ta dafa, kuma ta ga ta rufe. Wannan darasi zai duba abin da ke gudana a cikin kular a waɗannan sa'o'i, da dalilin da ya sa wani lokaci kula ke tsare abinci, wani lokaci kuwa ta zame wa ƙwayoyin cuta ɗakin ƙyanƙyasa.

Batun ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, mutane kimanin miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, kuma kimanin 420,000 daga cikinsu na rasuwa. Daga cikin mamatan, wajen 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, wato tsaran waɗanda ake kaiwa ajin raino da 'yar kula rataye a wuya.

Masu cin abincin kafin mai shi

Bakteriya ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya tak. Ƙanƙantarsu ta kai idan aka jera dubu ɗaya daga cikinsu, da ƙyar su cike milimita ɗaya ko biyu. Akwai su a ƙasa, da ruwa, da ƙura, da fatar mutum, kuma mafi yawansu ba su da wata illa. Wasu ma su ne ke mayar da madara ta zama kindirmo. Kaɗan ne daga cikinsu ke jawo ciwo, amma waɗannan kaɗan ɗin abincin da mutum ke so shi suke so: mai danshi, mai gina jiki, marar tsami.

Hanyar hayayyafarsu mai sauƙi ce. Ƙwaya ɗaya ta girma, ta tsage gida biyu, kowace ta girma ta sake tsagewa. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasu nau'o'in kan ninka yawansu a kowane minti 20. Ɗalibin lissafi zai iya auna abin da hakan ke nufi. A sa'a ɗaya akwai ninki uku, a sa'o'i huɗu akwai ninki 12. Alal misali, a ce ƙwayoyi 100 ne suka shiga kula da ƙarfe shida da rabi. Bayan ninki 12 sun zama 409,600. Idan aka ƙara sa'o'i biyu, sun haura miliyan 26. Gaskiya ne ba nan take suke fara tsagewa ba, sukan ɗauki ɗan lokaci suna sabawa da sabon wuri, don haka adadin gaske kan gaza na takarda. Duk da haka siffar lissafin ba ta sauya ba: sa'ar ƙarshe ita ce mafi muni, domin abin da aka ƙaru da shi a cikinta ya fi duk na sa'o'in da suka gabace ta a haɗe.

Abin da ke ba su damar wannan gudu ko ya hana su shi ne zafin abincin. Ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salsiyas, yawancinsu sukan yi sanyin jiki, hayayyafa ta ja baya ƙwarai, ko da yake sanyi ba ya kashe su. Sama da digiri 60 ba sa iya ƙaruwa, kuma idan tsakiyar abinci ta kai digiri 70 mafi yawansu sun mutu. Tsakanin 5 da 60 shi ne ake kira zangon haɗari, kuma tsakiyar wannan zango, daga kamar digiri 30 zuwa 45, nan ne suka fi sakewa. Ba abin mamaki ba ne, tun da zafin jikin mutum digiri 37 ne, kuma cikin jikin mutum da na dabba yawancinsu suka saba zama. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Ke nan a wannan lokaci ajin makaranta kansa yana daidai da akwatin renon ƙwayoyin cuta da ake saye da tsada a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin wurin ya haura digiri 32, wa'adin ya koma sa'a ɗaya. Mai karatu ya gwada wannan da tazarar da ke tsakanin sauke tukunya da ƙararrawar tara.

Tambayar da ɗalibi mai lura zai yi ita ce: to ai dafuwa ta kashe ƙwayoyin, daga ina kuma suka fito? Amsar na hannun wasu nau'o'i da ya kamata a san su da sunansu.

Na farko shi ne Bacillus cereus, wanda mazauninsa ƙasa ce, saboda haka yakan zo tare da ɗanyar shinkafa da sauran hatsi tun daga gona. Idan ya ji wuya sai ya ƙudundune cikin wani ƙwanso mai tauri ya yi likimo, kuma tafasar tukunya ba ta fasa wannan ƙwanso. Hasali ma dafuwa gata take yi masa, domin ta kashe abokan gasarsa ta bar masa fili. Da zarar shinkafa ta huce ta shiga zangon haɗari sai ya farka, ya fara tsagewa, yana zuba wani dafi a cikin abincin. Wannan dafi ya fi mai shi taurin kai: yana jure zafin digiri 121 na tsawon minti 90, balle ɗan ɗumamen da ake yi da safe. Wanda ya ci yakan fara amai tsakanin rabin sa'a da sa'o'i shida. A farkon shekarun 1970 aka gane alaƙar wannan ciwo da shinkafa a Ingila, a gidajen abincin da ke dafa shinkafa su bar ta ta kwana a waje, kashegari su soya. Taliya ma tana cikin abincin da yake so.

Na biyu shi ne Staphylococcus aureus, kuma shi ba daga gona yake zuwa ba, daga mai girkin yake zuwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da shi a hanci ba tare da wani ciwo ba, kuma shi ne ke cikin ƙurji da maruru da yankan wuƙar da ya yi ruwa. Hanyarsa ita ce abincin da hannu ke taɓawa bayan an sauke: dafaffen ƙwai da aka ɓare, nama da aka yayyaga, alale da aka fitar daga leda, kwaɗon zogale da aka cakuɗa da hannu. Shi ma dafinsa ba ya jin wuta. Sai kuma Clostridium perfringens, mai yin ƙwanso irin na farkon, wanda ya fi son miyar nama da wake, kuma yana cikin masu saurin hayayyafa a zafin da ya ɗan ɗara digiri 40. Ciwonsa murɗar ciki ce da gudawa, sa'o'i 6 zuwa 24 bayan cin abincin. Akwai kuma Salmonella a ƙwai da naman kaza da ba su dahu sosai ba. Ita takan ɗauki sa'o'i shida har zuwa kwanaki kafin ta bayyana, lokacin kuwa an manta da abin da yaro ya ci.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutane sukan shinshina abinci, in ba su ji tsami ba su ce lafiyarsa ƙalau. Ƙwayoyin da ke sa abinci yauƙi da wari daban suke da masu sa ciwo. Shinkafar da Bacillus cereus ya cika da dafi tana iya kasancewa fara sol, ƙamshinta bai sauya ba.

Aikin da kula ke yi

Kula ba ta ƙirƙirar zafi, ba ta kuma ƙirƙirar sanyi. Zafi kullum daga wurin da ya fi zafi yake gangarawa zuwa wurin da ya fi sanyi, kamar yadda ruwa ke barin tudu ya nufi kwari, kuma ba ya tsayawa sai wuraren biyu sun daidaita. Iyakar abin da kula ke yi shi ne rage saurin wannan gangara. Idan abin da ke cikinta ya fi waje zafi, ta jinkirta fitar zafi. Idan ya fi waje sanyi, ta jinkirta shigarsa. Komai daɗewa dai abincin zai koma daidai da zafin aji.

Ta hanyoyi uku zafi ke tafiya. Yana ratsa abu mai ƙarfi, kamar yadda ludayin ƙarfe ke ɗaukar zafin miya ya kai hannu. Yana bin iska ko ruwa mai motsi, kamar tururin da ke tashi daga tukunya. Yana kuma tafiya kamar haske ba tare da ya taɓa komai ba, wanda shi ne zafin da mutum ke ji a fuska in ya zauna nesa da murhu. A shekarar 1892 wani masanin kimiyya ɗan Sikotilan mai suna James Dewar, wanda ke bincike a Landan kan iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa, ya ƙera wata kwalba mai bango biyu, ya zuƙe iskar da ke tsakanin bangayen, daga baya aka shafa musu azurfa. Rashin iska ya toshe hanya ta farko da ta biyu, ƙyallin azurfa kuma ya mayar da zafin hanya ta uku inda ya fito. A 1904 aka fara sayar da irin wannan kwalba a Jamus da sunan Thermos, kuma ita ce kakar fulas ɗin shayi da ke kowane gida a yau.

Sai dai ba kowace kula ce aka yi ta a kan wannan tsari ba. Kular ƙarfe mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu ita ce jikar kwalbar Dewar ta gaskiya. Kular roba da ta fi yawa a kasuwa soso ne kawai aka cusa tsakanin bangayenta, kuma aikin soson shi ne ya daure iska cikin ƙananan ramuka ya hana ta motsi. Wannan na aiki, amma bai kai na farko ba. Akwai ma wadda ba komai a tsakaninta, sai launi mai kyau da hoton 'yar tsana. Daɗin daɗawa, ƙanƙantar kular yara ita kanta matsala ce. Babbar kular biki da aka cika da tuwo takan kai dare da zafinta, saboda abincin na da yawa, bangon da zafi zai bi ya fita kuwa kaɗan ne idan aka gwada da yawan abincin. Cokali biyar na taliya a 'yar kula ba su da wannan gata.

Daga nan za a gane inda haɗarin ya fi tsanani, kuma abin takaici, ƙauna ce ke jawo shi. Uwa takan ji tsoron kada abinci ya ƙona bakin yaro, sai ta baza shi a faranti ya sha iska, in ya koma ɗumi-ɗumi ta zuba a kula ta rufe. Abincin ya shiga da zafin digiri 45 ko 50, wato ya riga ya faɗa zangon haɗari tun kafin a bar gida, kuma kula za ta yi aikinta da gaskiya: za ta riƙe shi a wannan ɗumi na sa'o'i. Haka nan ɗumamen jiya da aka ɗan nuna wa wuta, sama ya yi zafi tsakiya na nan da sanyinta.

Hanya biyu, da wata ta uku

Wanda ya zaɓi abinci mai zafi, to ya shiga kula da zafinsa na tukunya. Kafin a zuba, a cika kular da tafasasshen ruwa, a rufe na minti biyar ko goma, a zubar. In ba haka ba bangon kular mai sanyi zai sha kaso mai yawa na zafin abincin tun a mintunan farko. A cika ta sosai, domin sararin da aka bari iska ce mai satar zafi. A murɗa murfi da kyau, kuma a gaya wa yaro kada ya riƙa buɗewa yana leƙe kafin tara. Maganin ƙuna shi ne ya buɗe ya bar shi ya sha iska a lokacin ci. Abinci mai ruwa-ruwa, kamar faten wake ko faten dankali, ya fi busasshiyar shinkafa riƙe zafi, saboda ruwa na cikin abubuwan da suka fi ɗaukar zafi mai yawa kafin su huce.

Wanda ya zaɓi abinci mai sanyi kuwa, kamar yogot, ko fura da nono, ko kunun aya, ko biredi da ƙwai ko kifin gwangwani, jaka mai soso ita kaɗai ba za ta wadatar ba; dole a sa mata ƙanƙara. Dalilin na cikin wata ɗabi'a ta ruwa. Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya yana shan zafi jul 4.2. Amma kafin giram ɗaya na ƙanƙara ya narke yana shan jul 334, kuma duk tsawon narkewar zafinsa na nan a digiri sifili bai motsa ba. Ledar ruwa ɗaya mai rabin lita, in ta daskare, za ta sha jul 167,000 kafin ta gama narkewa, daidai da zafin da zai ɗaga wannan ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Ledar da ta yi sanyi kawai ba ta daskare ba, jul 42,000 ya isa ya kai ta daga digiri 5 zuwa 25. Wannan ne bambancin ruwan sanyi da ƙanƙara, kuma ribar ita ce in ta narke yaro ya sami ruwan sha.

Ko da ƙanƙarar ma sai an yi hattara. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2011 ya auna ƙunshin abinci guda 705 na yara a makarantun raino na jihar Texas ta Amurka, kimanin sa'a ɗaya da rabi kafin lokacin ci. Cikin abinci masu saurin lalacewa guda 1,361, guda 22 kacal aka samu a zafin da ya dace, alhali jakunkuna da yawa na da ƙanƙara a ciki. Darasin da ke nan shi ne ƙanƙara aikinta ta tsare sanyin da ke akwai, ba ta sanyaya abin da ya shigo da ɗumi ba. Sai abincin ya kwana a firji ya fito da sanyinsa, a sa ƙanƙara biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, suna taɓa mazubin. Kuma kada a haɗa kular zafi da gorar sanyi jiki da jiki a jaka ɗaya, don kowace za ta ɓata wa 'yar'uwarta aiki. Gidan da wutar lantarki ba ta zama, firjinsa ba abin dogaro ba ne: in abinci ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke tun tsakar dare, ba a lissafa shi cikin mai sanyi.

Wani zai ce ga randa, ga kuma tukunya-cikin-tukunya da malamin nan na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Waɗannan suna sanyaya abu ne ta hanyar ƙafewar ruwa, kuma suna ƙara wa tumatir da yalo kwanaki ƙwarai, musamman lokacin da iska ta bushe. Amma a zafin bazara ba sa saukar da abu zuwa digiri 5, saboda haka ba madadin ƙanƙara ba ne ga dafaffen abinci.

Hanya ta uku ita ce mafi arha, kuma kakanni sun san ta tun kafin a san sunan bakteriya: abincin da ba ya bukatar zafi ko sanyi. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa inda babu danshi, kuma yawancinsu ba sa jure tsami mai ƙarfi. Ƙuli-ƙuli, da soyayyiyar gyaɗa, da dabino, da busasshiyar aya, da cincin, da kilishin da ya bushe sosai, da biredi ba haɗi, duk za su kai la'asar lafiya. Haka lemo da ayaba da ba a ɓare ba, domin ɓawonsu shi ne murfinsu. Kankana ko gwanda da aka yanka kuwa ta koma sahun masu bukatar ƙanƙara. A makarantar da ake daɗewa, dabara ita ce a ci dafaffen abinci a tara ta farko, a bar busasshen ya jira ta biyu.

Sauran abincin da ya dawo gida cikin kula da rana, zubarwa ake yi. Zubar da abinci abu ne mai nauyi a zuciya, musamman a wannan tsada, amma wanda aka saba miƙa wa wannan saura shi ne ƙanin da ke gida, wanda jikinsa ya fi na kowa rauni. Gara a rage abin da ake zubawa tun da safe. Ita ma kular a wanke ta da sabulu da ruwan zafi a ranar, a ciro robar da ke zagaye da murfi a wanke ƙarƙashinta, a bar ta a buɗe ta bushe. Malamai nasu aikin shi ne su ware wa jakunkuna wuri mai inuwa nesa da taga, su kuma tanadi ruwa da sabulu a bakin aji kafin tara. In yaro ya kamu da amai da gudawa, babban abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma in an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya kasa shan komai, ko idanunsa sun faɗa, a garzaya asibiti. In yara da yawa suka kamu a rana ɗaya, malami ya rubuta abin da kowa ya ci da lokacin da ciwon ya fara, domin tazarar kan nuna wa likita irin ƙwayar da ake zargi.

Gwaji domin aji

Duk abin da aka faɗa game da kula ana iya auna shi a ɗakin kimiyya na sakandare, ba tare da an taɓa ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Ana bukatar ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100, da agogo, da takardar zana jadawali, da mazubai huɗu da ɗalibai za su aro daga gida: kular ƙarfe mai bango biyu, kular roba guda biyu iri ɗaya, da kwanon roba mai murfi. Malami da kansa zai riƙa zuba tafasasshen ruwa. A ɗumama ɗaya daga kulolin roba kamar yadda aka bayyana a baya, a bar ɗayar haka nan. A zuba ruwan zafi mililita 300 a kowane mazubi, a auna, a rufe. Bayan kowane rabin sa'a a buɗe a auna da sauri a mayar da murfi, har sa'o'i biyar. A zana lokaci a layin kwance, zafi a layin tsaye, sa'an nan a ja jan layi a kan digiri 60. Inda zanen kowane mazubi ya ratsa jan layin, nan ne agogon haɗari ya fara bugawa ga abincin da ke cikinsa, kuma daga nan ake ƙirga sa'o'i biyu, ko sa'a ɗaya in zafin ɗakin ya haura digiri 32.

Kashegari a juya gwajin. A sa gorar ruwan sanyi a jaka mai soso ba ƙanƙara, wata da ƙanƙara ɗaya, wata da biyu, a ja layin a kan digiri 5. Ajin da ke da hali ya yi gwajin sau biyu a shekara, ɗaya a Janairu cikin hunturu, ɗaya a Afrilu, ya rubuta zafin ɗakin a gefen kowane jadawali. Ɗalibai su lura cewa buɗe murfi domin aunawa shi kansa yana fitar da zafi. Mai son ya san yawan asarar sai ya tanadi kula ta biyar, irin ta roba, wadda ba za a buɗe ba sai a ƙarshen sa'a ta biyar, ya gwada zafinta da na 'yar'uwarta da aka yi ta buɗewa.